Lilo a Lambun Tsofaffi

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Tulasa a bakin famfo ya shanye mata ɓarin jiki na dama, duniyarta ta tattaru ta koma taga ɗaya. Kullum idan rana ta ɗaga, mijinta Lok Bahadur zai cicciɓe ta daga gado, ya ajiye ta a kujerar bakin tagar a hawa na biyu, ya rufa mata mayafi a gwiwa, sannan ya koma gefe da kofin shayinsa yana haki a ɓoye, don kada ta gane nauyinta ya fara fin ƙarfinsa. Ta gane tuntuni, shiru kawai ta yi masa.

Tagar tana kallon fili, wanda shi kaɗai ya rage a unguwar Amlatar ba a ɗora masa bulo ba. Lokacin da aka kawo Tulasa amarya, duk wurin gonakin shinkafa ne, Kathmandu kuwa wasu 'yan fitilu ne can nesa. Sai birni ya yi ta rarrafowa. Lok Bahadur ya sayar da gona ta farko ya tura ɗansa Prabin karatu Ostireliya. Ya sayar da ta biyu ya aurar da 'yarsa Anjana, ita ma ta bi mijinta Japan. Ta uku ya sayar ya dasa bene hawa biyar a kan ta huɗu. Maƙwabtansa duk haka suka yi, kamar an haɗa baki. 'Ya'ya suka watse, ɗakuna suka yi yawa, sai mutanen ƙauyukan kan dutse suka sauko neman aiki suka cika su: direbobi, magina, teloli, masu tura kayan miya a keke, kowa da matarsa da 'yan ƙananansa. Filin ya tsira ne don makiyayar gari ce tun kaka da kakanni, babu mai takardar da zai sayar da shi, ko da yake an sha gwadawa.

Fili ne mara kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Da damina taɓo, da rani ƙura, gefe guda juji, karnuka kuma sun mai da shi fadarsu. Amma da an tashi daga makaranta sai ya cika maƙil da 'ya'yan 'yan haya. Nan ana buga ƙwallo, can ana wasan kurket, ana dukan ƙwallo da guntun katako, 'yan mata na tsallen igiya, ƙananan na bin manyan suna kuka. Hayaniyarsu har cikin ƙwaƙwalwa. Tulasa ba ta san sunan ko ɗaya ba, don haka ta raɗa musu nata. Akwai Kan Tulu, akwai Wando Ya Faɗi, akwai wata 'yar baƙa mai tsiwa da ta sa wa Hakima. Magana tana yi mata wuya, harshen ya yi nauyi, amma a kan yaran nan sai ta daure ta tattaro kalmomi.

"Hakima," za ta ce, ta huta, "ta mari Kan Tulu." Sai rabin bakinta mai rai ya ɗaga, kafaɗarta ta hagu tana rawa.

Likitan da ke duba ta ya taɓa jan Lok Bahadur gefe, ya kira shi Ba, wato baba, ya ce masa, "Ba, ciwon nan ya yi iyakar ɓarnarsa, ba shi nake tsoro ba. Ranar da ta daina sha'awar wayewar gari, ranar za ka fara rasa ta." Maganar ta zauna masa a ƙirji. Shekara hamsin da ɗoriya suna tare, bai san yadda ake shan shayi shi kaɗai ba, kuma ba ya son ya koya. Sai dai duk lokacin da ya dube ta a bakin tagar nan, abin da yake gani fursuna ce. Matar da ta saba yini a gona, yau ga ta a kujera tana kallon 'ya'yan wasu, don babu hanyar da keken marasa lafiya zai bi a unguwar sai ramuka da kwata. Ya ƙudura a ransa sai ya fitar da ita waje ta sha iska.

Ana nan sai labari ya zo cewa hukumar birni ta ware kuɗin gyara filin. Aka kira taron kwamitin unguwa a barandar haikali. Kwamitin kuwa na masu gidaje ne, haka aka taso aka tarar. Ɗan haya baƙo ne ko ya shekara ashirin a ɗakinka, ƙuri'arsa ma a ƙauyensu yake jefawa, don haka babu wanda ya yi tunanin gayyatarsu, su ma ba su yi tunanin zuwa ba. Lok Bahadur ne shugaba. Mai baki a taron kuwa Gokarna ne, ɗan ƙanin mahaifinsa, tsohon soja mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda har yanzu yake magana kamar yana faretin safe.

Hukumar ta turo injiniya, wata matashiya mai suna Rojina, ta zo da hular babur a hammata da zane biyu a naɗe. Ta gaishe su hannu haɗe, ta shimfiɗa zanen a ƙasa ta danne da takalmanta.

"Iyayena, ga na farko. A share filin, a daidaita shi, a shuka ciyawa, a bar shi a buɗe, a jera benci a gefe ƙarƙashin bishiyoyi. Na biyu lambu ne: katanga, ƙofa, furanni, hanyar zagaye mai laushin tafiya, da ƙarafan motsa jiki. Kuɗin na ɗaya ne kawai. Ni da za ku ji tawa, na farkon za ku ɗauka. Daga ƙidayar baya zuwa yau unguwar nan ta ninka kanta, kuma yawancin ƙarin yara ne. Nan da shekara goma sai sun fi haka."

"Yaran wa?" Gokarna ya ce. "Namu suna can suna wasa da dabbar nan mai aljihu a ciki." Aka fashe da dariya. "Nani, 'yata, dubi wurin nan da kyau. Kin ga baƙin gashi in ba naki ba?"

"Na gani, Ba. Amma ku ɗaga kai ku dubi igiyoyin shanya a saman gidajenku. Kayan wa ke kai?"

Babu wanda ya ɗaga. Wani tsoho mai suna Indra Man ya ce ƙwallo ta fasa masa gilashin taga sau ba adadi. Wani ya ce ai 'yan haya yau suna nan gobe sun tashi, ba a yi wa tsuntsun da ke wucewa sheƙa. Aka yi ta cacar baki har Lok Bahadur ya gyara murya.

"Matata ta shekara biyu ba ta fita ƙofar gida ba," ya ce. Muryarsa ta ɗan karye, ya tsaya. "Ba ita kaɗai ba ce. Mu da muka noma ƙasar nan, a ce ba mu da inda za mu zauna a kanta kafin mu tafi?"

Wa zai ja da wannan? Hannaye suka tashi gaba ɗaya. Rojina ta naɗe zanen farko a hankali, Gokarna yana ce mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce, "Haka ne, Ba," ta sa hularta ta tafi.

Aiki ya kankama bayan damina. Aka kwashe juji, aka kori karnuka, katanga ta tashi. Yaran suka riƙa zuwa suna leƙe ta ramukan bulo, har aka toshe ramukan. Tulasa tana gani daga sama.

"Me suke yi?" ta tambaya wata rana.

"Ke dai ki zuba ido, tsohuwa. Abu nake shirya miki."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya ɗauka murna ce ta hana ta magana.

Ranar buɗewa aka rataya wa kowa sarƙar furanni, aka yi jawabai har rana ta take. Lambun ya yi kyau, babu mai musu. A bakin ƙofa aka kafa allo: ba a shiga da ƙwallo, ba a shiga da keke, ba a taka ciyawa, yaro ba ya shiga sai da babba riƙe da hannunsa. Lok Bahadur da kansa ya tsara dokokin. Manyan yaran nan kuwa suna bakin aiki daga safe har duhu, wa zai riƙe hannun wa? Aka sayi kwaɗo mai nauyi, aka damƙa wa Gokarna makulli, yana buɗewa da safe da yamma kamar mai gadin bariki.

Washegari da la'asar Lok Bahadur ya sauko da ita. Sanumaya, telar da ke haya a ɗakin ƙasa, ta kama masa. Ya ɗora ta a keke ya tura, tayoyin suna tafiya sumul a kan sabon tayil, zuciyarsa fes. Ya nuna mata furanni, ya nuna mata ƙarafan motsa jiki. A kan bencina tsofaffi ne jere, kowa da wayarsa a cinya yana jiran kiran ƙasar waje. Can gefe wata tsohuwa tana juya wani ƙarfe yana kuka ƙii, ƙii. Ban da wannan babu abin da ke motsi.

"Baban Prabin," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka kawo ta.

"Na'am, tsohuwa."

"Wa ya mutu?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Haba, babu wanda ya mutu. Lambu ne. Naki ne."

"To mai da ni gida."

Daga ranar abubuwa suka soma lalacewa. Ya zaunar da ita a bakin taga, ta kalli lambun kaɗan ta rufe ido. Bayan kwana biyu ta ce a juya kujerar. Shinkafa da miyar waken da take cinyewa tas ta koma rabi, rabin ya koma loma uku, sai ta kawar da kai. Yaran kuwa sun bazu. Wasu sun koma wasa a bakin titi tsakanin babura, iyayensu suna duka suna korowa, wasu an kulle su a ɗaki da waya. Unguwar ta yi shirun da masu gidaje suka daɗe suna nema. Lok Bahadur ya sauya likita, ya sauya magani, ya sa Prabin ya riƙa kira kullum. Tana kallon fuskar ɗanta a wayar kamar mai kallon bango.

Wata safiya yana ba ta shayi da cokali, ta riƙe masa hannu da hannunta mai lafiya. Riƙon ba ƙarfi, amma ya ji shi har ƙashi.

"Ka kore min yara," ta ce.

Ba faɗa ta yi ba, faɗa ma da ya fi sauƙi. Ya ajiye kofin ya fita baranda ya tsaya. Kunya ta kama shi, da tsoro, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko ranar da ta faɗi. Garin neman gira ya rasa ido, kuma da hannunsa.

Ya kira kwamiti ya ce a cire allon, a bar yara su shiga. Nan fa aka yi masa ca.

"Dai, kai fa ka kawo maganar nan," in ji Gokarna, da ke kiransa Dai, wato yaya. "Kai ka yi mana kuka a nan wurin har ni na share hanci. Yanzu da furanni suka fito za ka ce a saki awaki a ciki?"

"Yara ne, ba awaki ba."

"Akuya ma ta fi su jin magana."

"Gokarna, saboda Bhaujunka ce. Ba ta cin abinci."

Gokarna ya sunkuyar da kai. Tun yana saurayi yake tsokanar matar wansa, yana kiranta Bhauju mai rowar man shanu, ita kuma tana bin sa da muciya. Ya murza gashin baki ya ce a hankali, "Ba ni kaɗai ba ne, Dai." Gaskiyarsa. Aka ɗaga hannu, Lok Bahadur ya ga nasa shi kaɗai a sama.

Ya hau bas ya tafi ofishin Rojina. Ya zata za ta ce ai na faɗa muku, har ya shirya haɗiyewa. Ba ta ce ba. Ta sa aka kawo masa shayi, ta saurare shi har ya gama.

"Ba, lambun ya fita hannunmu, na kwamitinku ne yanzu. Ni ba ni da ikon cire ko ƙusa." Ta raka shi har matakala, sannan ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya dai, tayil ɗin tsakiya ban sa masa siminti ba. A kan yashi yake zaune, don ruwan sama ya samu hanyar shiga ƙasa. Ƙasarku tana nan a ƙarƙashi, ba ta je ko'ina ba."

Ya gode mata don ladabi, bai ga amfanin maganar ba. Sai a hanyar dawowa, bas ta tsaya a cunkoso kusa da wata mota shaƙe da dogayen gora, kore shar, jelarsu na jan ƙasa. Ya bi su da kallo. Bikin Dashain, babban bikinsu na shekara, ya ƙarato, shi bai ma lura ba.

A da, duk shekara a filin nan ake kafa lilon biki. Gora huɗu dogaye, a binne gindinsu, a lanƙwaso kawunansu a ɗaure, a sako igiyar ciyawa mai kaurin damtse. Kowa ya san dole mutum ya bar ƙasa ko sau ɗaya a shekara a kan lilon, yaro da babba, mai gida da bara. Lilon biki ba shi da mai shi, ba a korar kowa daga gare shi, kuma wanda ya hana a kafa shi ya ja wa kansa bakin jini har jikoki. An daina ne kawai da samarin unguwa suka ƙare.

Bai nemi izinin kowa ba. Da sassafe, Gokarna na buɗe ƙofa, ya shige da tsohuwar digarsa a kafaɗa, ya nufi tsakiyar lambun, ya soka bakinta a tsakanin tayil biyu ya danna. Tayil ya ɗago ba gardama. Ƙarƙashinsa yashi, ƙarƙashin yashin baƙar ƙasa mai danshi, ƙamshinta ya bugi hancinsa.

"Dai! Ka haukace ne? Kayan hukuma!"

"Lilon Dashain zan kafa. In kai namiji ne ka fita titi ka ce kai, Gokarna, ka hana."

Gokarna ya waiwayi tsofaffin da suka taru, kowa ya ɗauke kai, wannan yana gyara hula, wancan yana duba waya.

"Kuma ka san lilo ba shi da ƙofa," Lok Bahadur ya ƙara. "Muddin yana tsaye, kwaɗon nan ba ya aiki."

"Ashe nan ka dosa, tsohon dila." Gokarna ya tsaya yana kallon yadda yake haƙa, har abin ya ishe shi. "Kai, ba haka ake yi ba! Wannan ramin ko sandar rake ba zai riƙe ba. Kawo digar nan kafin ka kashe 'ya'yan mutane."

Haka aka fara. Aikin da samari ke gamawa a yini ɗaya, tsofaffin Amlatar suka yi sama da mako suna fama. Gora ta zo, aka rasa mai ɗagawa. Igiyar ciyawa ba a samu ba sai da aka aika ƙauye. Da ta zo aka raba gari a kan ɗauri: Indra Man ya rantse mahaifinsa daga hagu yake farawa, Gokarna ya ce shi ya sa lilon gidansu ya taɓa jefa surukinsu cikin gonar mutane. Ƙugun wannan ya riƙe, gwiwar wancan ta kumbura, kullum sai an tafi hutu an sha shayi an zagi juna. Wayoyi suka koma aljihu. Lok Bahadur bai gaya wa Tulasa komai ba, ya koyi darasi a kan alkawari. Kujerarta har yanzu bango take kallo, kuma ta rame har zobenta yana zamewa.

Ana cikin haka wata safiya ya ci karo da Sanumaya a matakala, ɗauke da jaka a ka, 'ya'yanta biyu a baya cikin sababbin kaya.

"Ba, mun tafi gida. A gaida Ama, uwarmu, sai mun dawo."

"To, to, a sauka lafiya," ya ce, hankalinsa na kan igiya.

Abin da kowa ya sani ke nan a Kathmandu, har karnuka: Dashain na zuwa, birni yake zazzagewa. Duk wanda ke da ƙauye sai ya tafi a sa masa jan tika, ɗigon albarka, a goshi daga hannun iyayensa. Shekara da shekaru Lok Bahadur yana ganin 'yan hayarsa suna tafiya, yana ma jin daɗin ruwan famfo ya wadata. Amma a cikin kansa, da kan sauran tsofaffin, Dashain lokaci ne da gida ke cika, don haka suka san shi tun suna yara. Babu ɗayansu da ya haɗa biyun. Suna can sun duƙufa a kan gora, motoci suna ta kwashe unguwar a bayansu.

Ranar tika da hantsi aka ɗaure igiyar ƙarshe. Lilon ya tsaya, dogo, kansa ya wuce katanga ya kusa hawa na uku. Gokarna ya wangale ƙofa har bango. Lok Bahadur ya koma gida ya sa wa Tulasa jan zanen sari na biki, ya manna mata tika a goshi, shi da Gokarna suka sauko da ita, suna nishi, suka tura ta har gindin lilon.

Suka tsaya suna jira.

Titi fayau. Shaguna a rufe. Babu babur, babu kukan jariri, babu ko mai tallan kayan miya. Lok Bahadur ya ɗaga kai a karon farko ya dubi saman gidajen, igiyoyin shanya duk babu komai a kansu. Tagogi a rufe tun daga ƙasa har sama. Sai a lokacin maganar Sanumaya ta iso masa.

"Sun tafi ƙauye," Indra Man ya ce da ƙaramar murya, kamar shi ya kore su.

Tsofaffi bakwai ko takwas, da jan goshi da sababbin huluna, tsaye a gindin lilon da babu mai hawa. Lok Bahadur ya kasa duban matarsa. Sau biyu ke nan yana yi mata gini, sau biyu yana kawo ta wurin da babu kowa. Idonsa ya cika, bai damu da a gani ba.

Tulasa kuwa ta ɗaga kai tana bin gorar da ido, daga gindi har inda suka haɗu a sama. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Baban Prabin."

"Na'am."

"Hau."

"Ni? Tsohuwa, gwiwata..."

"Hau."

"Ka ji umarni, Dai," in ji Gokarna. "Ko a bariki ba a maimaitawa sau uku."

Aka kama shi aka ɗora ƙafarsa a kan igiyar, ya ƙanƙame ɓangarorin biyu. Gokarna ya tofa yawu a tafin hannu ya tura. Gora ta yi ƙara, ta lanƙwasa, ta riƙe. Turi na biyu ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinsa. Na uku hularsa ta tashi ta faɗa cikin furanni.

"A hankali, ɗan banza! Kashe ni za ka yi?"

"Lanƙwasa gwiwa, Dai! Ka manta ne? Da kai ne kake kaiwa har ganye don Bhauju ta gani!"

"Ku sauke ni! Gokarna, na rantse sai na..."

Sai ya ji wani sauti a ƙasa, kamar tari, kamar shaƙuwa. Ya leƙo da sauri. Tulasa ce. Rabin bakinta ya ɗaga har kunne, kafaɗarta ta hagu tana rawa, hawaye na bin kumatunta, tana nuna shi da yatsa.

"Wando," ta ce, ta ja numfashi, "ya faɗi."

Ya duba. Mazugin wandonsa ya kwance, wandon ya sauko har gwiwa, ba shi da hannun kamawa. Tsofaffin suka kwashe da dariya har Indra Man ya zauna a kan ciyawar da aka hana takawa. Lok Bahadur ya bar wandon inda yake. Ya lanƙwasa gwiwa ya ƙara wa lilon ƙarfi da kansa, yana sama yana ƙasa yana kallonta, har numfashinsa ya ƙare.

Da aka sauke shi, ya ɗaure wando ya durƙusa a gefen kekenta. Ta ɗora hannu a kan furfurarsa ta bar shi a nan.

"Za su dawo," ya ce mata. "Mako ɗaya, ko biyu. Duk za su dawo."

Ta gyaɗa kai.

Indra Man ya taso yana kakkaɓe wando. Mutum ne mai son komai a kan ƙa'ida, ba da mugunta ba. "To, amma fa a tuna," ya ce, "bayan bikin fitilu ake sauke lilo, haka al'ada take. Sai a mayar da tayil, a koma yadda ake. Ko ba haka ba, Gokarna? A sa rana tun yanzu, yaushe za a sauke?"

Gokarna bai kai ga amsawa ba.

"Sai na mutu," in ji Tulasa.

Kalmomin sun fito sarai, babu nauyin harshe ko kaɗan. Igiyar lilon tana ta kaiwa da komowa. Indra Man ya dubi ƙasa. Gokarna ya dubi matar wansa, ya dubi ƙashin wuyanta da ya fito, ya murza gashin baki da ƙarfi kamar zai tsige shi. Ya taka zuwa ƙofa, ya zare kwaɗon daga jikin ƙarfen, ya jefa a aljihun rigarsa, ya dawo.

"To, Bhauju," ya ce, "sai ki daure ki daɗe."